Kaset ɗin da Kawu Ya Kulle

Kawuna, yayan mahaifiyata, da kaset ya ci abinci duk rayuwarsa. Shagonsa na bayan kasuwar Minna ne, dab da layin dogo, a filin da kakanmu ya fara kafa rumfa zamanin da jirgin ƙasa ke zubo baƙi a garin. In ana biki ko suna ko saukar karatu, daga Bosso har Gwada, shi ake aika wa. Sai ya ɗaura rikodarsa a bayan babur ya je ya ɗauko muryoyin jama'a, ya ba masu sha'ani nasu kaset ɗin, ya ajiye kwafi ɗaya a kanta ko da wata rana za a zo nema. Kuma ana zuwa. Mutum zai shigo bayan shekaru ya ce nasa ya ɓata, ko yara sun zare shi sun yi wasa da zaren, Kawu ya miƙa hannu ko dubawa bai yi ba ya zaro masa.

Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa zama a shagon ya sani. Da ya gama ɗaukar abu, tun kafin ya rubuta sunan masu bikin a jiki, sai ya sa bakin wuƙa ya ɓalle ɗan haƙorin nan da ke saman kaset, wanda shi yake kira kunne. Kaset ɗin da aka ɓalle wa kunne ba ya karɓar sabon ɗauka, ko ka danna maɓallin ba zai shiga ba. A wurin Kawu, barin kunne a jikin kaset mai muhimmanci sakarci ne, kuma ya sha korar yaran shago a kan haka.

Akwai wasu kaset-kaset da ba sa kan kanta. Suna cikin wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin teburinsa, kuma kowa a gidanmu ya san na Kaka ne, mahaifiyarsu shi da Mama. Banufiya ce daga Bida. A shekarunta na ƙarshe Kawu ya riƙa zuwa gidanmu a Tudun Fulani da rikoda, ya ajiye a gefen tabarmarta ya ja ta da hira. Ta rera waƙoƙin niƙa da Nufanci, ta ba da labarin yadda ta hau jirgi a Badeggi ta zo Minna tana amarya, ta jero dangi kaf, wane ya haifi wane. Da ta rasu sai aka zuge jakar. Kawu bai iya saurara ba, Mama kuwa ko maganar ba ta so, da an tayar sai ta ce a bari tukuna.

Ana ta bari, damina kuma tana ta shiga shagon shekara bayan shekara. Wanda ya san ruwan Minna ya san yadda bango ke jiƙewa har ta ciki. Wata rana Kawu ya sa wani tsohon kaset na mutane, ya ji muryar na rawa, da ya buɗe rikoda ya tarar da wani gari ja ya manne a kan ƙarfen da zaren ke gogawa. Ya gwada wani, haka. Funfuna ta cinye su, zaren na zubar da abin da ke jikinsa. Da yawansu juyi ɗaya ya rage musu a duniya, in aka sake sa su sai dai a ji shuu.

A lokacin na gama karatun kwamfuta, ina zaune a gida ina jiran a tura ni bautar ƙasa, kai cike da ilimi ba wurin saukewa. Ni na zuga shi ya sayi kwamfuta ta hannu, na haɗa masa ita da rikoda, na nuna masa yadda zai juye kaset ya koma cikinta. Ya kama aikin da sauri har ya ba ni mamaki. Sai dai na gaya masa gaskiya, cewa faifan da ke cikin kwamfuta, inda komai ke taruwa, ba abin yarda ba ne. Yakan mutu ba sallama. Dole a riƙa kwafe abin da ke cikinsa a ajiye a wani wuri dabam.

Na kawo masa shawarar faifan sidi. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana, ya sa farce ya karce shi a gabana, ya miƙo mini.

"Wannan abin zan ba amanar muryar Inna?" in ji shi. "Ke dai nemo wani abu."

Abin da na samo, a wurin wani mai sayar da kayan ofis na gwanjo, na'ura ce da ake sa wa kwamfuta a ciki, mai kwafe komai a kan kaset. Girmanta bai wuce rabin burodin yanka ba. Kaset ɗinta ƙanana ne, ba su kai na waƙa ba, amma ɗaya na iya ɗauke duk abin da ke cikin kwamfutar. Da na buɗe kwalin Kawu ya ga zare a naɗe a bayan 'yar tagar roba, sai fuskarsa ta washe. Ya ce yanzu na yi magana.

Ranar da zan haɗa ta, na yi shimfiɗa a kan teburinsa na kwance murfin kwamfutar. Ya ja kujera ya zauna a kaina kamar mai gadin tukunya. Na cire wata roba a gaba don a samu gurbi, na zura na'urar na ɗaure ta da kusoshi. Akwai wani kati da za a soka a cikin allon kwamfutar, daga shi kuma wata igiya mai faɗi ta tafi bayan na'urar. Na soka, na jona, na ba ta wuta. Ina cikin ɗaure kusa ta ƙarshe aka ɗauke lantarki. Mu da madatsar ruwan da ke ba da lantarki ke nan kusa da mu! Kawu ya fita ya tayar da janareto yana mita.

Na kunna. Kwamfuta ta tashi lafiya lau, amma ta ce ita ba ta ga wata baƙuwa a cikinta ba. Na kashe, na zare igiya na mayar, na sake kunnawa. Shiru. Gumi ya fara bin bayana, ga mayafi, ga zafin shago, ga maƙwabta sun fara leƙowa suna kallon 'ya mace da sukudireba.

"Injiniya," in ji Kawu, "ko in kira mai gyaran rediyo ya taya ki?"

"Kawu, don Allah ka bar ni in ji da abu ɗaya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ni kuwa haushi ya cika ni, don na san na yi komai daidai. Sai da na zazzage kwalin a ƙasa sannan wata 'yar toshiya baƙa ta faɗo, wadda ake sa wa a ƙarshen igiyar don kwamfuta ta san nan hanya ta ƙare. Na sa ta. Da na kunna, wata 'yar fitila koriya ta kama a gaban na'urar, na tura kaset ta haɗiye shi da kanta, muka ji zare ya fara gudu a ciki. Kawu ya kara kunnensa a jikin kwamfutar ya daɗe yana saurare. Ya ce sautin lafiyayye ne, ba ta cin zare.

Na sauƙaƙa masa aikin iyakar iyawata, don Kawu na karanta ajami da Hausar boko amma Turancinsa na gaisuwa ne. Na ajiye masa hoto ɗaya a fuskar kwamfuta. Duk Juma'a in ya dawo masallaci, ya sa kaset, ya danna hoton, ya jira. In ta gama za ta turo kaset ɗin waje da kanta, wani rubutu ya fito, ya danna ya kau. Na ba shi kaset uku ya riƙa juya su bi da bi, kowane mako sabon kwafi ya hau kan tsoho, kuma na ƙarshen kada ya kwana a shago, ya tafi da shi gida. Wannan ya yi masa daɗi. Ya samo hankici fari na naɗewa.

Yana juya ɗaya a hannu sai ya ga wani ɗan maɓalli a kusurwa, wanda in an tura shi rami ke buɗewa.

"Wannan fa?"

"Makulli ne, irin kunnen naka. Amma ka bar shi yadda yake, Kawu, kada ka taɓa."

Ya ce to. Duk wanda ya tashi a gaban manya ya san akwai to ta yarda, akwai kuma to ta yarinya ta gama magana, sai dai a kunne duk ɗaya suke.

Ba a jima ba aka tura ni can kudu, wurin da mota ke kwana biyu a hanya. Wayar hannu ta fara shigowa a lokacin, mukan gaisa jifa-jifa. Kawu ya fara da kayan mutane, don haka yake, na wasu kafin nasa. Ina ganin kuma tsoron jakar yake yi. Sai da watanni suka shuɗe sannan ya kira ni wata rana, muryarsa a dushe, ya ce ya buɗe. Ya ce kaset ɗaya yake iya yi a yini, daga nan sai ya rufe shago ya tafi gida. Ya ce Inna na da dariyar da ya manta. Ya ce kowanne da ya juye, zaren ya zube, wasu ma sun tsinke ana dab da ƙarshe, amma alhamdu lillahi ya kwashe komai kafin su mutu. Ya riga ya gaya wa Mama, ta kuma yarda a karon farko, in na dawo za a taru a gida a saurara gaba ɗaya.

Na tambaye shi ko yana sa kaset ɗin Juma'a. Ya ce ko ɗaya bai taɓa tsallakewa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Saura kaɗan in gama aka yi wani hadari da la'asar. An ce tsawa ta faɗi a kan turken wuta na layinsu, ta ƙone firji da talabijin na shaguna da dama. Kwamfutar Kawu na kunne. Da ya kira ni ya ce ta yi ƙauri ta mutu, wallahi ban ji ko ɗar ba. Har da alfahari na ce masa ai saboda irin wannan ranar muka sha wahala, ya adana kaset ɗinsa kawai.

Da na dawo Minna, ko hutawa ban yi ba na aro kwamfuta a wurin wata ƙawata a Bosso. Faifan Kawu ya ƙone ƙurmus, amma na'urar kaset ta tsira. Na ciro ta na haɗa a ta aron, wannan karon ba gumi ba gardama. Kawu ya kwance hankicinsa ya miƙo mini na ƙarshe da ya sa. Na tura, aka jero abin da ke ciki a fuskar kwamfuta, na bi da ido daga sama har ƙasa. Bikin wane, sunan gidan wane, saukar karatu a Gwada. Babu na Kaka ko ɗaya. Kwanan watan da ke jiki kuwa na makonnin farko ne, tun ban bar gari ba.

Na ce ya ba ni na biyu. Haka. Na uku ma haka. Sai da na ciro shi na riƙe a hannu sannan idona ya kai kusurwa, na ga ramin a buɗe. Na duba sauran biyun, duk a buɗe.

"Kawu, wa ya tura wannan?"

"Ni mana. Da ya gama ɗauka na farko na kulle shi. Haka za a bar kayan mutane da kunne, wani abu ya hau kai ya goge?"

"Ai so ake ya hau! Ban ce kada ka taɓa ba? Tun ranar da ka kulle su ba abin da ya sake shiga, Kawu, ko kalma ɗaya!"

Na ɗaga murya, na san na ɗaga, har mai ɗinki na kusa ya tsayar da kekensa. Kawu bai tsawata mini ba. Ya karɓi kaset ɗin yana kallo, ya tura maɓallin ya rufe, ya sake buɗewa.

"Amma tana karɓa," in ji shi a hankali. "Duk Juma'a tana haɗiyewa, fitila ta kama, zare ya yi gudu, ta turo shi waje. Na ga dai tana saurin gamawa, na ce ta saba da aikin ne. Na ɗauka kullewar tana tsare na ciki ne, sabo kuma ya bi bayansa. Ni rikodata in kaset ba kunne, maɓalli ba ya dannuwa. Da ta ƙi, ai da na ji a hannuna."

Na'urar ta ƙi, kowane mako tana ƙi, tana kuma rubuta masa dalili da Turanci a cikin ɗan akwatin da yake dannawa ya kau, wanda a idonsa bai bambanta da na an gama lafiya ba. Shekarun nan duka na sha juya maganarsa a raina. Mutum ne da duk injin da ya taɓa riƙewa da hannu yake yi masa magana, ya cije ko ya saki, ya yi zafi ko ya canza kuka. Abin da ya tsare masa muryoyin jama'a shekara da shekaru shi ya yi wa waɗannan, saboda ya ɗauke su da daraja. Na so in ci gaba da jin haushinsa don haushi ya fi sauƙin ɗauka, amma ban iya ba. Tausayinsa ne ya kama ni, da wani baƙin ciki da ban taɓa ji ba ko ranar da aka fita da Kaka.

Mun ciro jakar fata muka gwada kaset ɗin asali ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗinke waɗanda suka tsinke da salatif, ya goge kan rikoda da auduga. Shuu kawai muke ji, wani lokaci da wani abu can ƙasa mai kama da murya, wanda in ka matsa kunne sai ya ɓace.

Shi ya je ya gaya wa Mama, bai yarda na riga shi ba. Ina tsakar gida ina jin su. Ya yi bayani tiryan-tiryan bai ɓoye komai ba. Da ya gama, Mama ta ce, "Ba komai, Yaya. Allah bai nufa ba." Ta tashi ta shiga kicin ta kama wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Bayan nan ya rage zuwa gidanmu, in ya zo ma a zaure yake tsayawa su gaisa da Baba ya juya.

Kayan mutane dai sun tsira, waɗanda ya fara juyewa. Ya sayi wata kwamfutar na zuba masa su. Da yake da yawansu lambobi ya sa musu maimakon suna, dole ya zauna ya saurari kowanne daga farko don ya gane na wane gida ne. Aikin ya ɗauke shi makonni, ina ganin ma ya samu wurin ɓuya ne a ciki.

Wata safiya sai ga shi a gidanmu da rikoda a hannu, ya wuce zaure kai tsaye har tsakar gida ko sallamar kirki bai gama ba. Mama na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince wake. Ya ce mata ta saurari wani abu. Ya juyo shi a kan sabon kaset, wani suna ne da aka yi a maƙwabtanmu tun ina goye.

Ya danna. Hayaniyar gidan suna ta cika tsakar gida, malam na addu'a maza na amsawa, jariri na kuka, ana ta buga kwanuka. Mama ta dube shi tana jiran bayani, ya ɗaga mata hannu. Sai can daga bayan hayaniyar, nesa da rikodar, wata murya ta taso sama da ta kowa, da Hausar nan tata da ba ta taɓa miƙewa ba.

"Ke! Kina zaune shinkafa yana kamawa? Tashi ki sauke tukunya!"

Iyakar abin ke nan. Daga nan addu'a ta rufe ta.

Mama ta riga ta miƙe. Tiren waken ya zame daga cinyarta ya watse a ƙasa, ta yi taku biyu wajen kicin kafin ta tsaya. Ta daɗe a tsaye ta ba mu baya, hannunta ɗaya a kan bango. Kaji suka taru a kan waken, ba wanda ya kore su.

Ba ta juyo ba ta ce, "Yaya, mayar da shi baya."